Hanon dutsen bayan gonarmu

Na koma gonarmu ta bayan Runka, na dawo da raina, da reshen itacen hano ɗaure a babur.

Ana idar da sallar asuba muka bar Batsari, ƙanena ke tuƙi. Inna ce ta tashe mu. Sanyin ƙashi ya hana ta miƙewa, kuma ta ce sassaƙen hanon kasuwa rabinsa na itacen dashi ne, ita na dutsenmu take so. Tun da 'yan bindiga suka kore mu ban sake taka wurin ba. Ban san ko itacen na raye ba.

Hanya duk ta zaizaye. A Runka muka tsaya shan koko. Mai ƙosai, tsohuwar maƙwabciyarmu, da ta ji abin da ya kawo mu, ta dube ni ta ce, "Kai, ɓawon itace ne zai mai da kai daji? Ga dashi ko'ina."

Na ce, "Iya, je ki gaya wa Inna haka."

Ta ce ita tana son zaman lafiya.

Gaskiyarta, dashi ko'ina yake. Gajere ne mai ƙaya, shi ne shingen kowace gona, ba mai tsoron ƙarewarsa. Hano kuwa dutse yake so. Dogo ne, ba ƙaya, ɓawonsa na saluɓewa kamar takarda, farin furensa na fitowa da rani kafin ganye. Wani malamin gona ya taɓa ce mani dangi ɗaya ne, na kuma yarda, don duk wanda ka sara ƙaro mai ƙamshi ke fita. Sai dai hano ƙarewa yake. Mu gefen gabas da na yamma kawai muke sassaƙa, mu bar sauran ya warke. Masu kai wa kasuwa zagaye shi suke yi, ya bushe a tsaye.

Haka na tarar da na bakin hanya, duk sun bushe. Muka ɓoye babur a shingen dashi, muka hau dutsen da ƙafa.

Namu na nan, cike da fure, zuma na ta kai-komo. Tsoron da ya kore mu shi ya hana masu sassaƙa hawa. Na zauna a gindinsa na ɗan huta. Na ɗibi sassaƙen gabas da yamma, na sari reshe, muka juyo.

Abin da na gane, itacen da Inna ke bukata bai kamata ya zauna inda ba ni iya zuwa ba. Yanzu ina Batsari. Inna na shan sassaƙenta. Reshen na kafa shi cikin tsakuwar bayan ɗaki.