Harshen Inna Rahmatu da Jan Wurma

Shekara talatin da wani abu, da an sallame asuba Inna Rahmatu take fitowa tsakar gidanta da ke bayan kasuwar Dutsin-Ma. Ta murje gorubar da ta jiƙa, ta tace zoɓo, ta matse lemon tsami, ta jefa citta da kanumfari. Ba ta taɓa awo ba. Ludayi take kaiwa baki, ta lumshe ido, ta ce a ƙara kaza ko a bar shi haka. Abin da ke fitowa daga hannunta shi ne abin shan da ake kira jan Wurma, da sunan ƙauyensu, wanda yau babu bikin da ake yi daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma ba da shi ba. 'Yan jami'a na ce masa koktel, suna ɗaukar hotonsa da ƙanƙara a kofin gilashi. Ka tambaye su wa ya fara haɗa shi, sai su ce oho.

Malam Badamasi, tsohon ladanin Wurma, ya ce a gabansa aka fara haɗa shi. Ranar sunan ɗan yayar Rahmatu ce. Motar wanda aka aika Kurfi sayo sukari ta mace a hanya, ga baƙi sun cika ƙofar gida, ga zoɓo tsami kamar zai tsinke harshe. Mata na ta salati. Rahmatu, lokacin tana da ƙuruciyarta, ta sa aka daka gorubar da ke rumbu, ta jiƙa da ruwan zafi, ta juye a zoɓon, ta murje nunannen mangwaro a kai. Malam ya rantse liman sai da ya sha kofi uku, aka tuna masa ba a raɗa wa yaro suna ba.

Ke ce, Inna, kika koya wa matan gari ba ki ɓoye komai ba. Ke ce mai sanyaya maƙogwaron masu azumi, wadda ba a taɓa kiran sunanki a lasifikar biki ba.

Daminar da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da ita sati uku. Ta tashi, amma ɗanɗano bai tashi tare da ita ba. Ta ɓoye wa kowa, har ranar da ɗiyarta Hasana ta zo ganin gida daga Funtuwa, ta kurɓi abin da uwar ta haɗa.

"Inna, yau kam kin yi faɗa da lemo ne?" ta ce tana dariya.

Inna ta kai ludayi baki. "Ɗiyata, wallahi ruwan rijiya nake ji."

Hasana ta yi kuka, ta ɗauko takarda ta ce a faɗa mata awon ta rubuta. Inna ta ce babu awon da za a rubuta: zoɓon bana ba na bara ba ne, kowace goruba da irin zaƙinta. Sai dai wata ta zauna gefenta, ta ɗanɗana ta faɗa mata, ita kuma ta gyara mata hannu, har harshen ya koya. Hasana na da miji da 'ya'ya, ta koma. Matan da Inna ta koya wa kuwa sun daɗe da komawa amfani da garin lemo na leda mai kala, wai ya fi sauri. Ta aika musu ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta ce tana nan tafe.

Mun gode, Inna. Allah Ya shayar da ke daga abin da ya fi wanda kika shayar da mu. Ku kuma 'yan matan Dutsin-Ma da Kurfi, hannunta na nan, hancinta na nan, aron harshe kawai take nema. Ku je ku zauna, ku koya kamar yadda ta koyar, ba rowa. Ta ce in watan azumi ya kama ba wadda ta zo, ta daina jira. Yau muna tsakiyar Sha'aban.