Launin Fuskar Inna

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Laraba, a shekarar da aka samu 'yancin kai, mu uku ne a bayan rumbun gidanmu a Yalwa: ni, da yayana Sule, da ƙanwar mahaifinmu, Goggo Abu, tana ɓarar gyaɗa. Damina biyu ke nan da rasuwar Inna. Washegari Sule zai bi motar hatsi zuwa Kano ya zama yaron mota, kuma shi kaɗai ya iya zane a gidan. Ni kuwa a makon nan na rufe ido na nemi fuskar Inna na rasa. Muryarta tana nan, zanenta na saƙi yana nan, fuskar ce babu. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Na riƙe rigar Sule ina kuka har ya yarda zai zana mini ita kafin ya tafi.

Takarda mai kauri biyu gare shi, waɗanda malaminsa na elementare a Rano ya ba shi. Da farko ya fitar da kamannin da fensir, na ga hancinta da tsagar kumatunta. Daga nan ya kankare baƙin tukunya, ya dama da ƙaro kamar yadda muke haɗa tawadar allo, ya tattauna bakin asuwaki ya yi buroshi. A littattafan makaranta haka ake buga mutanenmu, baƙi ƙirin, don haka ba mu yi shakka ba. Ya shafa. Nan take tawadar ta cinye hancin, ta cinye tsagar, aka bar mu da dunƙulen duhu mai fararen idanu biyu. Na faɗi ƙasa ina birgima.

Goggo ta leƙo ta ce, "Kai Sule, uwar taku gindin tukunya ce? In ta fito rana goshinta ja yake yi, wuyanta kuma sheƙi yake kamar rinin turkudi."

Saura takarda ɗaya, rana kuma tana gangarowa. Sule ya raba aiki. Na ruga bakin kududdufi na ɗebo jar ƙasa. Na wuce marina na roƙi shuni a ɓawon gyaɗa, aka ba ni da kyar. Goggo ta kawo ragowar lallenta, ta tauna goro ta tofa a sakaina. Ya dama jar ƙasa da lalle, ya gwada a bangon rumbu, ya yi haske. Ya ɗiga shuni, ya yi duhu, amma duhu mai rai. Tawadar da ta ɓata mana takarda bai taɓa ta ba sai a ƙarshe, a ƙwayar ido da gira kawai. Yana shafa launin a takarda ta biyu, ni kuma ina kare ta daga kaji.

Ana kiran magariba Baba ya shigo. Mun san ba ya son zanen mutum, sai muka daskare. Ya ɗauki takardar ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Goshin ya fi haka ja." Ya ajiye ta a hankali, ya tafi alwala. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na duba, ga Inna tana kallona.

Gara ta cinye takardar tun ban yi aure ba, Sule ma ya rasu. Yanzu jikokina suna ɗaukar hoto da waya suna sharewa, ba ruwansu. Ni kuwa fuskar da Sule ya dama a sakaina ita kaɗai nake iya tunawa. Mai karatu, in mahaifiyarka tana raye, ina roƙon ka gobe da hantsi ka zaunar da ita a rana, ka dubi fuskarta da kyau.