Hoton Inna Daga Bakin Zaure

Hoton mahaifiyata guda ɗaya ne a duniya, kuma ni na ɗauke shi da wata 'yar kyamara da ta zo hannuna a shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori. Lokacin ina aiki da 'yan safiyo, masu awon ƙasa. Ni ke jan bakin igiyar awo, in yi ta tafiya har a ɗaga mini hannu, in kafa turke. Wani Bature injiniya da muka yi rani biyu muna yawo tare tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, da zai koma ƙasarsu sai ya zaro ta daga aljihu ya danƙa mini. Ya ce ya gaji da ita, mai jawo nesa yake so. Murna ta hana ni tambayar abin da yake nufi.

Gaskiya abar akwai kyau. Ba ta fi sabulun wanki girma ba, amma in ka ɗora ta a tafin hannu sai ka ji nauyi, don ƙarfe ce zalla. Tana shigewa aljihun kaftani ta kwanta, ba mai sanin kana ɗauke da komai. In ka latsa, ƙararta ba ta wuce ta karyewar tsinken tsintsiya ba. Hotonta kuwa tangaran: na taɓa ɗaukar wani mai saida rake a kasuwar Damri, da aka wanko sai da muka ƙirga gaɓoɓin raken. Masu hoto na gari suna fama da manyan akwatuna da baƙin ƙyalle, ni kuwa ina wuce su ina taƙama, ina cewa a raina ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Sai da muka zauna tare na san halinta. Idonta ɗaya ne, a kafe yake, ba a cire shi ba a sauya shi, kuma ba ya jawo abu kusa. In fuskar mutum kake so, ƙafarka za ta kai ka gabansa, taku biyu ko uku, ka ɗaga ta saitin idonka ka dube shi sosai. Ba ta da fitila, saboda haka a cikin ɗaki makauniya ce. Kuma ba ta san nisa da kanta ba, kai za ka kintata ƙafa nawa ne ka murɗa wani ɗan zobe mai lambobi ƙanana. Wannan bai dame ni ba, don ni awo ne sana'ata, in na dubi itace daga nan zan faɗa maka nisansa ban kuskure ba. Abin ma ya zame mini abin alfahari, har na ɗauka duk ƙasar Zamfara ba mai iya sarrafa ta sai ni.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi ne ta wajen Maradun, yana cikin waɗanda ruwan dam zai cinye. Na riga kowa sani, tunda da hannuna na kafa turakun da ke nuna iyakar ruwa, na kuma ga sun wuce gidanmu can sama da makabarta. Da aka sa lokacin tashi, na nemi hutun kwana biyu na tafi gida. Abin da ya kai ni ɗaya ne: ina son hoton Inna, fuskarta, a cikin gidan da ta yi aure ta tsufa.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka yaye ni aka kai ni riƙo wurin kakata a Talata Mafara. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dubana a gaban mutane ba, in na shigo ta wannan ƙofa sai ta sami abin yi a wancan lungu. In na durƙusa gaisuwa daga nesa, takan amsa ne tana duban murhu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma na kai shekara talatin abin da na fi sani a jikinta shi ne bayanta da hannuwanta, kuma wannan yana cina a rai ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Fim ɗin da ke cikin kyamarar saura hoto biyu. Sauran na ƙarar da su wajen ɗaukar katafila tana ture ƙasa, da abokai suna jingine da motar da ba tasu ba. Ɗaya na ɗauki baffana a zaure, don shi ne maigida tun rasuwar mahaifinmu. Ya gyara rawani ya zauna, na durƙusa gabansa na latsa, ba wata wahala.

Da hantsi na leƙa cikin gida. Ana ta ɗaure kaya, an fasa bakin rumbu ana kwashe dammunan gero. Inna tana zaune gindin tsamiya tana bakace, faifai a hannu. Na tsaya a bakin zaure ta ciki, inda na saba tsayawa, na auna da ido: taku goma sha takwas. Na san sarai abin da kyamarar ke buƙata, in taka goma sha biyar daga ciki in tsaya a kanta. Na ɗaga ƙafa na kasa. Yadda zan tsaya kan uwata tana zaune, in zura mata ido a gaban matan gida, ban ga hanyarsa ba, kuma na san kafin in kai rabi ta tashi ta shige ɗaki.

Ƙanwata, autarmu, ta zo daga gidan mijinta a Bakura taya kwashe kaya. Ta lura da ni, ta matso da goyo a bayanta, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, ba ni abin in ɗauko maka ita. Ni ko bisa cinyarta na zamna ba ta cewa komi."

Na ce, "Ke dai bari. Wanga ba abin wasa ba na. Kin san ƙahwa nawa ka tsakaninki da ita?"

"To ka gwada mani inda aka dannawa."

"Guda ɗai yar rage. In kin ɓata shi hwa?"

Ta dube ni, ta koma wajen kayanta. Da na murɗa mata zoben a kan ƙafa shida na ce ta je ta tsaya taku biyu daga Inna, da an gama. Ko minti ɗaya ba zai cika ba. Rowa da girman kai suka hana ni, na fi jin tausayin ƙarfen Bature a hannun mace a kan abin da ya kawo ni.

Na ɗaga kyamarar daga inda nake. A ɗan tagar leƙawa komai ya koma mitsitsi, amma da yake ita kaɗai nake nema, sai na ga kamar ta cika wurin. Na latsa da sauri kamar ɓarawo, na mayar aljihu. Can sai na ji muryarta, tana magana da iska kamar yadda ta saba in ni take nufi: "A hwaɗa ma wancan, tuwonai na hucewa."

A Gusau aka wanke fim ɗin. Baffa ya fito raɗau, har zaren rawaninsa. Na biyun kuwa gidanmu ne gaba ɗaya: rumbun da aka fasa, darni, turmi a kife, tsamiya da kowane ganye nata, akuya tana jan igiya. Kyamarar ba ta bar komai ba, kuma ba ta fifita komai ba. Inna tana can gindin itace cikin inuwa, fuskarta ba ta kai ƙwayar dawa ba. Na ce ba komai, in sun zauna a sabon matsuguni zan sayo fim in ba auta.

Sabon wurin tudu ne mai tsakuwa, nesa da ruwa. Inna ba ta ga damina ta biyu a can ba. Ina wajen aiki saƙo ya iske ni, kafin in iso an kai ta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, na koma wurin mai wankin hoto a Gusau, wani dattijo mai tabarau. Na roƙe shi ya faɗaɗa mini wurin fuskar kawai, iya ƙarfin injinsa. Ya ce zai yi, amma kada in sa rai. Da ya fito da takardar tana ɗigar ruwa, na ga gaskiyarsa. Fuskar ta watse ta zama ɗige-ɗige kamar an watsa rairayi a faranti, ba hanci ba baki, sai kewayen ɗankwali da baƙaƙen tabo biyu.

Dattijon ya riƙe takardar nesa da idonsa, ya karkata kai. Ya ce, "Malam, wagga tsohuwa ai ba hwaihwanta taka dubi ba. Kai taka kallo."

Na karɓa na miƙe hannu kamar yadda ya yi. Haka ne. Faifan yana hannunta, amma kanta a ɗage yake, ta juyo sosai wajen bakin zaure. Ta ga na rufe ido ɗaya, ɗayan yana bayan ƙarfe, ta ɗauka ba na ganinta. Na nemi benci na zauna, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gaya mini rasuwarta.

Da na je Bakura na nuna wa ƙanwata, ina tsammanin za ta yi mamaki. Ta goge hannu a zane, ta duba, ta miƙo mini.

Ta ce, "Ai kullum haka take yi in ka juya baya, Yaya. Duk gidan an sani. Kai ɗai na ba ka sani ba."