Yashin Taimamar Kawu Sale

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, Wudil ta cika da kiɗan 'yan siyasa. A shekarar ce kuma mazan unguwarmu suka fitar da Kawu Sale daga masallaci. Wai ƙafafunsa suna wari. Suna warin, ba zan yi ƙarya ba. Tun da ya dawo daga yaƙin basasa suke tsiyayar ruwa, yatsu biyu ma babu su. Aka ce ya riƙa shimfiɗa buzunsa a waje.

Kakata Iya Dije, wadda ta haife shi, ba ta je ta yi faɗa da kowa ba. Bayan isha'i ta hura wuta a tsakar gida, ta zuba gyaɗa a toka, ta aika a kirawo 'ya'yan mutanen nan.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta. "Mai gyangyaɗi ba shi da gyaɗa."

Wai wani sarki ne ya tura samari can ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ya ce su haƙa rami su zauna kamar gafiya. Ruwa har gwiwa. A nan ake ci, a nan ake bawali da bahaya, wanda ya mutu ya kwana jingine da mai rai. Ƙwarƙwata a hammata, ɓeraye suna lasar bakin mai barci. Takalmi ba a cire shi, ranar da aka cire kuwa da fata yake fitowa.

Ladidi 'yar liman ta tofar da gyaɗarta. "Iya, to yaya suke salla?"

"Kin yi tambaya, 'yar liman. Ruwan nan ko kare ba zai sha ba, balle alwala. Busasshiyar ƙasar taimama kuwa babu. Amma akwai wani saurayi da uwarsa ta ƙulla masa yashin kogin garinsu a tsumma. A wuya yake rataye shi. Lokaci ya yi, ya kwance a kan gwiwa, ya buga tafinsa, ya ɗaure. Ko sau ɗaya bai sha salla ba. Ta ƙare. Ku kai wa iyayenku, kada ku zubar a hanya."

Kawu yana gefe, ƙafafunsa cikin tasar ruwan gishiri, bai ɗago ba.

Yaran sun kai. Amsar da ta dawo ita ce, ai warin bai tafi ba. A satin nan wani ɗan takara ya zo yana ƙamshin turare, aka buɗa masa sahun farko.

Sai da na yi furfura na shiga makarantar manya. Yanzu ina iya karanta yabon da ake rubutawa a kan ƙyalle ranar tunawa da sojoji, duk sanda na karanta kuwa sai in kau da kai. Kawu a waje ya ci gaba da sallarsa, rani da damina. Rana ɗaya tak mazan unguwar suka yarda ya wuce gabansu: ranar da aka shimfiɗe shi a likkafani, suka yi sahu a bayansa.