Masallacin da Sahunsa Ya Karkace

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokina da ya ishe ni da labarin wani tsohon masallacin ƙasa a wani ƙauye gaba da Basirka. A Birnin Kudu muka karya da waina da miyar taushe. A Gwaram mota ta ƙi cika, muka gaji da jira muka hau babur. Ɗan acaɓan kuwa bai bar rami ko ɗaya bai gaisa da shi ba.

Daga waje ginin bai kai yadda aka zuzuta mini ba: bango mai kauri, zankaye huɗu, ɗaya ya gutsure. Ciki ne abin kallo. Ginin baka biyu masu lanƙwasa irin ta bakan gizo sun haɗu a tsakiya sun ɗauke rufin azara, ba ginshiƙi ko ɗaya, ga sanyi kamar cikin randa. Azarar ta yi baƙi ƙirin. Limamin ya ce hayaƙin wutar karatu ne, don asalin wurin makaranta ce, kakan kakanninsa ya gina ta yana karantar da fiƙihu. Shekara nawa ke nan? Ya ce ba wanda ya rubuta. Da ɗalibai suka watse aka mayar da ita masallaci.

Shi ya sa ginin bai kalli alƙibla ba. Da aka tayar da azahar sai sahu ya karkace, liman ya shige wata kusurwa da aka fafe masa. Ni na miƙe daidai da bango, sai da wani dattijo ya kama kafaɗata ya juya ni.

Ashe dattijon shi ne maginin garin. Bayan salla ya zagaya da mu baya, ya ƙwanƙwasa bangon, muka ji amo kamar ba komai a ciki. Ya ce a da duk shekara kafin damina gari kan fito a yi yaɓe. Bara 'yan garin mazauna birni suka ce a hutar da mutane, suka shafe shi da siminti.

"Malam, ƙasa numfashi take yi," in ji shi. "Sun toshe mata hanci. Ruwa ya bi tsaga ya shiga, ya rasa mafita."

"To Baba, a ɓamɓare mana."

"Na faɗa. Aka ce kar a kunyata waɗanda suka yi don Allah."

Ya cusa yatsa a tsagar, ƙasa ta zubo masa a tafi kamar gari.

Ruwan farko ya tare mu a hanyar dawowa, 'yan mota suna ta hamdala. Na taya su, amma raina ba daɗi. Abin da na taho da shi gida shi ne, kowa a garin ya san abin da ke cin ginin nan, kara ce ta hana a taɓa. Abokina ya ce mu koma da kaka mu ɗauki hoto a nutse. Na ce ya fara buga wa liman waya tukuna, ya ji ko akwai sauran abin ɗauka.