Firjin da Aka Yanka a Sito

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, zaman Guangzhou ya yi mana tsami. Tun kafin a fara wasannin biza ta yi wuya, wanda tasa ta ƙare sai dai ya bar ƙasar ko ya shiga ɓuya. 'Yan sanda kan tsaya a gindin gadar Xiaobei su ce a nuna fasfo, wani lokaci har masauki suke bin mutane. Ni abin da ya fi damuna yadda muka koma kallon juna. Mutumin da kuka saba cin tuwo tare, in aka kama maƙwabcinsa aka bar shi, sai ka ga an fara sauke murya idan ya shigo.

A lokacin ina da ɗan ofis a benen Tianxiu, muna zaune tare da wani mutumin Kumasi, ɗan zangon Hausawa na can. Ni nake kai baƙi masana'antu in tsaya musu wajen ciniki, shi kuma ya haɗa kayan mutane daban-daban a kwantena ɗaya ya tura da sunansa. Shi ya sa ya fi ni tsoro, don in aka sami abin da bai dace ba ko a kwali ɗaya ne, shi za a nema. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ɗan Kano.

Wata Juma'a mun dawo daga masallaci muka tarar da mutum tsaye a ƙofar ofis. Dogo ne siriri, ya manyanta, sanye da jallabiya da ta sha wanki. Daga gaisuwarsa na gane mutumin Nijar ne. Na tambaye shi wa ya turo shi wurinmu, ya ce, "Mutane." Bai ƙara ba.

Da ya zauna sai ya fito da wani shafi da aka yago daga mujalla. Hoton wata ƙaramar tirela ce mai kamar ɗaki, irin wadda Turawa kan ɗaura wa mota su tafi yawon daji su kwana a ciki. An buɗe rumfa a gefenta, an zagaye bakin rumfar da ƙananan fitilu masu launi, a ƙasa kuma ga wani akwati mai murfi kamar adaka.

Ya ɗora yatsa a kan akwatin, ashe firji ne. "Wannan firigo nake so, mai aiki da batirin mota, wanda ake ajiyewa a waje. Da fitilun nan. Masu yawa."

Na yi dariya, na ce, "Alhaji, wa zai saye su a ƙasarmu? Mu da muke gudun daji mu zo gari?"

"Ka san inda ake yin su, ko ba ka sani ba?"

Na ce zan bincika. Yana fita Maigida ya tashi ya leƙa baranda, ya tabbatar ya shiga lif, sannan ya dawo. "Ɗan Kano, mutumin nan bai yi mini ba. Ɗan kasuwa yana fara tambayar farashi. Shi bai tambaya ba."

Duk da haka na nemo masana'antar, can wajen gari ta hanyar Foshan, don aiki ya yi ƙaranci a watannin nan, ba na iya korar baƙo. Muka tafi da safe a motar haya. A hanya na yi ta jan sa da hira, ko zan ji daga wane gari yake da abin da yake sayarwa. Duk tambayar da na yi sai ya mayar mini da ita. In na ce ina iyali suke zaune, sai ya ce ni nawa fa, suna Kano ko na kawo su?

Mai masana'antar mace ce, gajeriya mai kaifin ido. Lawban muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowane mai kanti a can. A farfajiyarta akwai tirela guda da suke nuna wa masu saye, an jera firji a gindinta manya da ƙanana. Ta hana mu ɗaukar hoto tun daga ƙofa. Ita ma ba ta yarda da mu ba, ta ɗauka samfur muka zo gani mu kai wani ya kwaikwaya, don ta ce kayanta Turai da Ostareliya suke zuwa, baƙar fata bai taɓa saya ba.

Alhaji bai kula da sanyin firjin ba, abin da kowa ke fara dubawa. Ya durƙusa yana ƙwanƙwasa jikinsa da bayan yatsa yana saurare. Ya sa hannu ciki ya auna, ya auna ta waje, sannan ya ce in tambaye ta kaurin bangon, da abin da ke tsakanin ƙarfen waje da robar ciki. Ta ce soso ne aka ɗura. Ya ce ko za a iya ƙara masa kauri? Na sha jin labarin abin da ake cusawa a irin wannan wuri, kuma na san hukuncin ƙasar a kan ƙwaya. Duk da haka na fassara.

Aka kai mu ɗakin fitilu, ta ja labule ta kunna. Ɗakin ya cika da launi, shuɗi da kore da ruwan ɗorawa, wasu na ƙyaftawa wasu na gudu kamar tururuwa a kan igiya. Alhaji ya wuce su duka ya tsaya kan jajaye, masu siffar ƙananan tulu. Ya ce waɗannan kaɗai yake so, ya kuma tambayi daga wace tazara ake hango su a fili. Sai kuma ya ce kada a buga sunan masana'anta a jikin komai, ko a kwali. Lawban ta girgiza kai, ta ce meyo, wato babu, ba sa yin haka. Kafin in buɗe baki Alhaji ya yi mata magana da Sinanci, jimla biyu ko uku, a hankali amma daidai. Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta amince.

A mota na ce, "Alhaji, ashe kana jin yaren. To ni me ye amfanina?"

Ya ce, "Kaɗan ne. Kai ka san hanya."

Da na ba Maigida labari sai ya kama haɓa. Bango mai kauri, fitila ja da ake gani daga nesa, kwali ba suna. A lokacin kuma kowa ya san arewacin Nijar ba lafiya. Ni da shi abu ɗaya muke tunani: ko kayan 'yan tawaye ne, ko na masu fasa-ƙwauri.

Ana cikin jiran kaya, wata rana da la'asar ina tafiya a titin Huanshi Lu sai na hango shi ta gilashin wani gidan shayi. Yana zaune da Sinawa biyu masu fararen riguna da gajeren aski, ɗaya yana magana yana zane da yatsa a kan tebur, Alhaji yana gyaɗa kai. Na tsaya bayan wata bishiya kamar ɓarawo har suka fito, suka shiga baƙar mota tare. A satin nan aka shiga wani masauki da 'yan'uwanmu ke kwana aka kwashi waɗanda bizarsu ta mutu, kuma a wannan masaukin Alhaji ya sauka. Shi ba a taɓa shi ba. Sai zargina ya rabu biyu, na rasa wanda zan riƙe. In mai fasa-ƙwauri ne, me ya haɗa shi da masu kama da jami'ai? In kuma ɗan rahoto ne, firjin na mene ne? Har na fara tunanin ko tarko aka ɗana mana, a sa mu ɗora kaya sannan a zo a buɗe.

Na so in janye. Maigida ya ce janyewa ba tare da dalili ba ita ma tana jawo magana. "Bari kaya su zo sito. Ni na san abin da zan yi."

Ranar da aka sauke kayan zafi ake yi mai ɗanko, irin na garin nan da riga ke manne wa mutum. Kwalaye farare tas, an jera su har kusa da rufi. Alhaji ya zo yana dubawa. Maigida ya bari ya gama, sannan ya ɗauko zarton ƙarfe ya ajiye a kan wani kwali.

"Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kwantena da sunana take tafiya. Ba zan ɗora kayan nan ba sai na ga cikin bangon ɗaya."

Na zaci zai yi faɗa. Ya dubi zarton, ya dube ni, ya daɗe yana kallona. "Kai ma haka ka ce, Malam?"

Na ce, "Haka na ce."

"To zaɓi."

Na ƙi na sama da na gaba. Na sa aka sauke jeri guda, na nuna na can ƙasa ta ƙurya. Aka fito da shi. Alhaji ya naɗe hannun jallabiya ya karɓi zarton da kansa, ya taka firjin da ƙafa ya fara yanka kusurwarsa. Ƙarar ta cika siton. Da ƙarfen ya buɗe sai ya sa hannu ya ɓantaro abin da ke ciki ya miƙa wa Maigida. Soso ne ruwan ɗorawa, busasshe. Maigida ya murje shi, ya shinshina, ya zura waya cikin ramin ta ko'ina. Babu komai.

Alhaji ya zauna a kan kwali yana share gumi. Ya ce shi direban hamada ne, shekara da shekaru yana kai Turawa yawon buɗe ido da motocinsa da tireloli, har rikici ya sa suka daina zuwa, motoci suka zauna a gida. Sai ga Sinawa sun fara shigowa neman mai a gabas. Ya tuƙa wasunsu, a bakinsu ya tsinci yaren. Sukan yi makonni a rairayi suna awo, ba su da abin sanyaya ruwa da abinci, firjin da suka zo da shi kuma ba ya jure rana. Shi ya sa yake son bango mai kauri. Fitilu kuwa, ya lura in rana ta faɗi ba sa son shiga tirela, sai su zauna a waje suna kewar gida, kuma ja ne launin da suke so. Direban da ya yi nisa ma yana iya hango zango da su. Mutanen da na gan shi da su a gidan shayi, su ne za su ba shi aikin.

Na ce, "To Alhaji, me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "In faɗa wa Bakano? Ku da in kuka ga mutum ya tsuguna sai kun leƙa ko zinariya yake tonowa? Da na faɗa maka ranar Juma'ar nan, da kafin kayana su isa Kwatano wani ya riga ni zuwa da irinsu. Ka tsaya bayan bishiya kana kallona. Ni ma na sa an tambayo mini kai kafin in taka ƙofarku."

Maigida ya fashe da dariya, ya ba shi hannu, ya ce shi zai ɗauki asarar firjin. Alhaji ya ce a'a, mu riƙe shi. Aka ɗora kaya a ranar.

Maigida ya gamsu, ni ban gamsu duka ba. Labarin ya zauna daram, kuma zamansa daram ɗin ne ya dame ni, kamar an daɗe da shirya shi. Guda ɗaya muka yanka, saura fa? Duk tsawon makonnin da kwantenar ke kan teku, in wayar ofis ta yi ƙara sai in ɗauka an kama kayan ne. Ana ta wasanni a talabijin, gari ya cika da tutoci, ni hankalina na kan ruwa. Firjin da aka yanka muka liƙe ramin da salatif muka ajiye a ƙarƙashin tebur, yana sanyaya mana ruwa yadda ya iya. Wani lokaci in ba kowa sai in sami kaina ina ƙwanƙwasa ɗaya gefen nasa.

Kwantena ta isa, 'yan duwan, wato kwastan, suka buɗe suka duba suka sake ta, kowa ya karɓi kayansa. Alhaji bai kira ya ce sun iso ba, daga wakilin Maigida muka ji. Batun masaukin kuwa, daga baya an shiga wasu da dama da bai taɓa kwana a cikinsu ba, maganar ta bi ruwa. Ban taɓa samun wanda ya tabbatar mini da labarin hamadar ba, ban kuma sami wanda ya ƙaryata shi ba.

Shekara ta zagayo na gamu da shi a kasuwar Canaan, yana tare da wani dillali ɗan Mali. Ya ɗan yi ƙiba, jallabiyarsa sabuwa. Muka gaisa sosai, ya tambayi Maigida, na tambayi mutanen gida. Dillalin ya matso yana son jin abin da ya haɗa mu, sai na ga Alhaji ya zuba mini ido yana jiran abin da zan ce. Na ce a masallaci muka san juna. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce Allah ya bar zumunci, ni kuma na wuce layin masu wanduna inda baƙona ke jirana.