Ranar da Aka Sa Ni Shari'ar Madara a Hanyar Shinkafi

Mun tashi da asuba, ni da ƙanwata, ko kaji ba su gama kuka ba. Ɗiyar yayanmu ce ta haihu a Shinkafi, ni kuwa rabona da barin Kaura Namoda har na manta. Kun san hali, ko bikin maƙwabta sai an aiko mini sau biyu. To sammakon bai amfane mu da komai ba, don direbobi yanzu ba sa shiga hanyar nan sai rana ta fito sosai, motoci sun taru an tafi a jere, saboda halin da ake ciki. Muka zauna a tasha muna cin ƙosai. Ƙosan ya rame ya koma kamar ƙwayar magani, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba.

Aka ɗura mu a mota kamar gero a buhu. Direban mutumin Zurmi ne, yana tuƙi yana faɗa da ramuka, kowane rami sai ya gaya masa magana. A bayana an ɗaure ragon wani mutumin Katuru, numfashinsa a wuyana har muka saba. Gonaki dai alhamdu lillahi, gero ya fi mutum tsawo, dawa ta fara fitar da kai.

Mun yi nisa sai taya ta fashe, daidai wani ƙauye da ke cin kasuwa ranar. Direba ya gungura tayarsa neman mai faci, mu kuma muka shiga neman fura.

A rumfar masu nono muka tarar da taro. Wani duba-gari, matashi, kakinsa a goge, ya riƙe ƙwarya ta gefe ɗaya, wata dattijuwar Bafulatana ta riƙe ɗaya gefen, kowa na ja a hankali kada ta zube. Ashe doka aka kawo daga ƙaramar hukuma: ba a sayar da madara sai an dafa, wanda aka kama kuwa an kore shi daga kasuwa ke nan. Tsohuwar nan jikoki marayu take ci da su da ƙwaryar, in aka kore ta babu wata kasuwa kusa da ƙafarta za ta kai.

A garin, sarkin kasuwa ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Yakan zaunar da dattawa su ji, abin da suka ce shi ke nan. Ya kira sarkin pawa, da ladan, da wani tsoho mai goro. Sai ya ce harkar nono ta mata ce, dole a sa mace, matan kasuwar kuwa kowacce ko ƙawar tsohuwar ce ko abokiyar gasarta. Idonsa ya faɗo kaina.

"Hajiya, ke baƙuwa ce?"

Na ce fura na zo saye.

"To taho ki zamna, ke mu ka nema."

Ni da ko faɗan jikokina ba na iya rabawa! Ƙanwata ta toshe baki da mayafi tana dariya, aka shimfiɗa mini buhu.

Duba-gari ya yi bayani, kuma wallahi bai yi ƙarya ba. Ya ce ɗanyar madara na ɗauke da ciwon da ido ba ya gani, har da tarin fuka, kuma ya sha ganin yara a asibiti saboda ita. Aka juya ga tsohuwa, ina ta addu'a ta ce ta dafa, mu huta.

"Aradu ban dafa ba," in ji ta. "Itacen wa zan dafa da shi? Dajin da muke samo itace wa ke shigarsa yanzu? Kuma in na dafa, wannan mai goron shi zai fara cewa na zuba ruwa."

Mai goro ya sunkuyar da kai.

Sarkin pawa ya gyara zama ya ce shari'a ba ta yiwuwa da jin baki, sai an ɗanɗana. Aka kawo ludayi. Ya sha, ya lumshe ido, ya ce bai tabbatar ba, a ƙara. Ladan ya sha ya ce shi harshensa ya ƙone da shayi, sai ya maimaita. Da ludayin ya zo kaina na yi bisimilla. Jama'a, ɗanya ce, ko jariri ya san ɗanya ce, da ɗuminta da ƙamshin saniya. Amma daɗi!

Muka koma gefe shawara. Ladan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Dokar ta hau kanta, kowa ya gani. Amma ni ba a korar wagga tsohuwa da bakina." Sarkin pawa ya ce shi da nonon shanunta aka yaye shi, ta yaya zai dubi uwarsa? Suka zuba mini ido. Na ce ni dai abin da na sani, wanda ya aiko da doka bai aiko da itace ba.

Sarkin kasuwa ya miƙe ya sanar: dattawa sun ce ba ta da laifi.

Duba-gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ita da bakinta ta ce ba ta dafa ba!"

"Mun jiya, ɗana. Ba ta da laihi."

"To ku ba ni ƙwaryar in kai shaida."

Aka miƙa masa. Ko ƙuda ba zai jiƙa ƙafa a ciki ba. Ya duba, ya dube mu, mai goro na share gemu. Shi ma sai dariya ta ƙwace masa. Tsohuwa ta karɓi ƙwaryarta ta koma rumfa tana sa mana albarka da Fulatanci.

Mun isa Shinkafi an riga an yanka rago. Na ci tuwon dawa da miyar kuka, na ga jaririya, sai dai rabin sunan a bayan gida na yi shi, cikina na ta kiran sunan duba-gari. Ƙanwata ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya tana cewa a gaida alƙali.

Washegari a hanyar dawowa, daidai ƙauyen nan, tsohuwar ta hango mu, ta tsai da mota, ta miƙo mini gora cike da madara ta taga, ta ƙi karɓar ko sisi. Mun shigo Kaura lafiya kafin la'asar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: hukuma na iya rubuta doka, amma mutane ne ke ɗaukarta, kuma ba su ɗaukar wadda za ta danne maƙwabcinsu. Ban yi nadamar bakina ba, ko gobe aka zaunar da ni haka zan ce. Madarar kuwa, kafin jikokina su taɓa ta sai da na tafasa ta har ta yi kumfa, na kuma sa sakata a ƙofa kada wani ɗan ƙauyen ya ga alƙalinsu tana bin doka.